Tsuntsayen da ba su san tsoro ba: Labarin dodo da 'yan uwansa

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san Dodo. Shi ne ƙaton nan na cikin tatsuniya mai haɗiye mutane, wanda ake tsorata yara da sunansa idan sun ƙi barci. To a can wani tsibiri da ke Tekun Indiya an taɓa yin wani tsuntsu da Turawa suka sa wa suna dodo. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, domin wannan dodon bai taɓa tsorata kowa ba, shi ma bai san tsoron kowa ba. Ba ya iya tashi sama, kuma mutum kan tako har gabansa ya kama shi da hannu. Yau babu ko ɗaya da ya rage a duniya.

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon za mu leƙa tsibiran da ke can tsakiyar teku, mu ga irin tsuntsayen da suka rayu a cikinsu kafin mutum ya sa ƙafa. An daɗe ana yi musu kallon wawaye, ana cewa sakarci ne ya kashe su. Mu dai a namu ganin ba a yi musu adalci ba, kuma za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Tsibirin da babu kyanwa babu kare

Mu fara da tambayar da ta fi sauƙi: ta yaya dabba ke zuwa tsibirin da ke nesa da kowace ƙasa? Da yawan irin waɗannan tsibirai duwatsu ne masu aman wuta da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Duk abin da zai zauna a kansu sai dai ya zo ta sama, ko ya yi iyo, ko kuma igiyar ruwa ta kawo shi a kan guntun itace. Tsuntsu zai iya zuwa, musamman idan guguwa ta kauce da shi daga hanya. Jemage ma zai iya, haka ƙwari da 'ya'yan itatuwa, wani lokacin har da ƙadangare da kunkuru. Amma kura ko dila ko muzuru ko tunku, babu yadda za su ƙetare ruwa mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Saboda haka tsuntsun da ya faɗo irin wannan wuri ya samu duniya sabuwa. Ga abinci zube a ƙasa, ga shi babu mai laɓewa a ciyawa yana jiran ya cafke shi. Ƙasar Niyu Zilan babban misali ce. Duk faɗinta, lokacin da mutane suka fara isa can babu wata dabbar tudu mai shayarwa in ban da jemagu. Tsuntsaye ne suka riƙe kowane aiki. Wasu na kiwo kamar barewa, wasu na tonon ƙasa da dare kamar ɓera, wasu kuma na farautar 'yan uwansu daga sama.

Me ya sa suka daina tashi?

Tashi sama aiki ne mai tsada ga jikin tsuntsu. Idan aka yanka kaza ko tattabara a gida, ku duba ƙirjinta da kyau. Wannan tsokar mai kauri da kowa ke so a ba shi, ita ce ke kaɗa fukafukai, kuma tana manne ne da wani ƙashi mai tsini a tsakiyar ƙirji. Kafin jiki ya gina wannan tsoka ya kuma ciyar da ita, sai an ci abinci mai yawa. A inda maƙiya suke, wannan tsadar ta biya kuɗinta, domin tsuntsun da ya kasa tashi ya zama abincin wani. To a tsibirin da babu mai bin ka, me za ka yi da manyan fukafukai?

Ba wai wani tsuntsu ne ya wayi gari ya yanke shawarar ajiye fukafukansa ba. Abin yana tafiya ne a hankali, zuriya bayan zuriya. A cikin 'ya'yan da ake ƙyanƙyashewa, wasu kan zo da ƙananan fukafukai da ƙafafu masu ƙarfi. A nahiya irin waɗannan ba sa daɗewa. A tsibiri kuwa su ne ke da riba, domin abincin da ɗan uwansu ke kashewa a kan tsokar ƙirji, su suna kashe shi ne wajen girma da yin ƙwai. Haka za su fi barin 'ya'ya, 'ya'yan su gaji halittar iyayensu, har a wayi gari duk tsuntsayen wurin sun zama 'yan ƙasa. Kusan abin da manomi ke yi ne idan yana ware zangarniya mafi kyau don iri, sai dai a nan yanayin wurin ne ke yin zaɓen.

Akwai wani tsibiri mai suna Aldabra a ƙasar Seychelles da ya nuna haka ƙarara. Wata 'yar tsuntsuwa dangin kazar ruwa ta taso daga Madagaska ta sauka a can, zuriyarta ta daina tashi. Kimanin shekara 136,000 da suka wuce teku ya cika ya shanye tsibirin baki ɗaya, duk suka mutu. Da ruwa ya janye, sai irin wannan tsuntsuwa ta sake zuwa daga Madagaska, zuriyarta ta sake daina tashi. Masana sun gano haka ne daga ƙasusuwan da suka tono, suka bayyana sakamakon a 2019. Wannan ya nuna mana cewa abin ba tsautsayi ba ne. Duk inda yanayi ya zama iri ɗaya, sakamakon kan zo iri ɗaya.

Mu da jimina

Wani zai ce ai mu ma muna da tsuntsuwar da ba ta tashi, wato jimina. Gaskiya ne, amma ku gwada matsawa kusa da jiminar daji ku gani. Tana hango abu daga nesa, tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa guda, kuma haurinta na iya illata babbar dabba. Jimina ta rayu ne a tsakiyar zaki da kura da damisa, don haka da ta rasa sama sai ta riƙe gudu da tsoro. Haka zabuwar daji da fakara, motsi kaɗan ya ishe su su watse.

Rashin tashi daban, rashin tsoro daban. Tsuntsayen tsibirai sun haɗa biyun ne saboda dalili guda. Shi ma tsoro yana da tsada. Tsuntsun da ke zabura duk lokacin da ganye ya motsa yana ɓata lokacin da zai ci abinci, yana kuma barin ƙwansa ya huce. Inda babu abin gudu, mai natsuwa shi ke ƙoshi.

Wani matashi ɗan Ingila mai suna Charles Darwin ya ga wannan da idonsa a 1835, lokacin yana da shekara 26, sa'ad da jirginsu ya tsaya a tsibiran Galapagos, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar Ekwado. Ya ba da labarin yadda ya sa bakin bindigarsa ya ture wani shaho daga kan reshe, da yadda wani tsuntsu ya sauka a bakin ƙwaryar ruwan da ke hannunsa ya hau sha. Ya kuma ga wani yaro zaune a bakin rijiya da 'yar tsumagiya yana kashe kurciyoyin da ke zuwa shan ruwa, har ya tara na abincin rana. Abin da Darwin ya fahimta shi ne, tsoron mutum ba ya shiga jinin tsuntsaye a dare ɗaya, sai an ɗauki zuriya masu yawa. Matsalar ita ce yawancinsu ba a ba su wannan lokacin ba.

Shekara 64 na dodo

Tsibirin Morishas yana gabas da Madagaska, kusan kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka. Larabawa da 'yan Fotugal sun san da shi, amma ba su zauna ba. A 1598 jiragen ruwan 'yan Holan suka tsaya a can, kuma su ne suka fara rubuta labarin dodo. Tsuntsu ne mai tsayin kusan mita ɗaya, ya fi talo-talo girma, ga ƙaton baki mai lanƙwasa, ga 'yan fukafukai da ba su da amfanin tashi. Abin mamaki, binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa dangin tattabara da kurciya ne. Kakanninsa da fukafukansu suka zo tsibirin.

Ma'aikatan jirgin da suka yi watanni a teku suna cin busasshen abinci sun samu nama a ɓagas. Sai dai naman bai yi musu daɗi sosai ba, har suka laƙaba masa wani suna da ke nufin tsuntsu mai gundura. Farauta ta yi nata ɓarnar, amma masana da dama suna ganin abin da ya fi cutar da dodo shi ne dabbobin da suka sauko daga jiragen: aladu da birai da ɓeraye da kyanwoyi. Dodo a ƙasa yake sheƙarsa. Alade ba ya buƙatar ya kama uwa, ya ishe shi ya bi sheƙa yana fasa ƙwai. Da 'yan Holan suka kafa mazauni a 1638, sai saran daji ya ƙaru a kan haka.

Labari na ƙarshe da akasarin masana suka yarda da shi na wanda ya ga dodo da rai, na shekarar 1662 ne. Ku lissafa da kanku: daga 1598 zuwa 1662 shekara 64 ce kacal, ba ta kai tsawon ran kakannin wasunmu ba. Babu wanda ya lura da ranar da na ƙarshe ya mutu. Daga baya ma wasu sun riƙa shakkar ko an taɓa yin irin wannan tsuntsu, sai a 1865 da wani malamin makaranta mai suna George Clark ya tono tarin ƙasusuwansa a wata fadama a tsibirin. Yau akwai busasshen kai da ƙafar dodo a gidan tarihin Jami'ar Oxford, kuma hotonsa na kan tambarin ƙasar Morishas.

Daga ƙato zuwa ɗan mitsitsi

Dodo ne ya yi suna, amma ba shi kaɗai ba ne. A Niyu Zilan an yi wasu tsuntsaye da ake kira moa, nau'i 9, waɗanda ko alamar fiffike ba su da ita. Mace a cikin mafi girmansu, idan ta miƙe wuya tana haura mita 3, nauyinta kuma ya wuce kilo 200. Maƙiyinsu ɗaya ne, wata ƙatuwar gaggafa da ke faɗo musu daga sama. Kakannin Maori, mutanen da suka fara zama a ƙasar, sun iso da kwale-kwale wajen shekarar 1300. Cikin shekarun da ba su kai 200 ba moa suka ƙare, gaggafar ma ta bi su, tunda abincinta ya tafi. Wannan ya nuna mana cewa ba halin wata ƙabila ɗaya ba ne. Duk inda mutum ya fara sauka, Bature ne ko wanda ba Bature ba, labarin kan zo kusan iri ɗaya.

A wani ɗan tsibiri mai suna Stephens, a Niyu Zilan ɗin dai, an yi wata 'yar tsuntsuwa da ba ta fi gwara girma ba, mai gudu a ƙasa kamar ɓera. A 1894 aka kunna hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya a wurin, masu kula da ita suka zo da kyanwa. Kyanwar ta riƙa kawo gawar tsuntsuwar, ɗaya daga cikin ma'aikatan mai suna David Lyall ya aika wa masana. Kafin a gama nazarin sabon nau'in, kyanwoyin da suka yaɗu a tsibirin sun gama da shi.

A tsibirin Lord Howe na ƙasar Ostareliya kuwa, jirgin ruwa ne ya maƙale a gaɓa a 1918, ɓerayen cikinsa suka fito tudu. Cikin 'yan shekaru nau'in tsuntsaye 5 da babu su a ko'ina a duniya suka ɓace. A tsibirin Wake da ke Tekun Fasifik, sojojin Japan da yunwa ta addaba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne suka cinye kazar ruwan wurin, zuwa 1945 babu ko ɗaya. Wani bincike da aka fitar a 2020 ya ƙirga nau'in tsuntsaye marasa tashi 166 da suka ƙare tun da mutum ya fara bazuwa a duniya, alhali waɗanda suka rage ba su wuce 60 ba.

Wauta ce ko baƙon al'amari?

Hausawa na cewa sabo turken wawa, kuma da ganin farko kamar karin maganar ta dace da waɗannan tsuntsaye. Amma mu duba misalin kakapo, wani aku na Niyu Zilan wanda ya fi kowane aku nauyi a duniya, namijinsa na iya kaiwa kilo 4. Ba ya tashi, da dare yake fita, gashinsa kore ne kamar ganye. Idan ya ji motsi sai ya ƙame wuri ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau a kan maƙiyin da ya sani, wato tsuntsu mai farauta daga sama da ido, domin wanda ya ƙame cikin ganye ba a ganin sa. Sai ga kyanwa da ɓera sun zo, ga kuma wata dabba mai kama da tunku da Turawa suka shigo da ita a shekarun 1880 don ta rage musu zomaye. Waɗannan da hanci suke farauta, kakapo kuwa yana da ƙamshi mai ƙarfi. Dabarar da ta tsare kakanninsa dubban shekaru, ita ce ta zama ajalinsa.

Kowane ɗalibi zai gane wannan. Ka kwana kana karatun Lissafi, ka shiga ɗakin jarrabawa aka miƙo maka takarda da harshen da ba ka taɓa ji ba. Faɗuwarka ba ta nuna kai daƙiƙi ne. Waɗannan tsuntsaye sun ƙware a duniyar da suka sani, mu ne muka sauya musu ita cikin ƙiftawar ido. Sun kuma saba da haihuwa kaɗan-kaɗan, tunda ba a kashe musu 'ya'ya. Kakapo ma ba ya yin ƙwai kowace shekara, sai shekarar da wata bishiya mai suna rimu ta yi 'ya'ya da yawa, bayan shekara 2 zuwa 4. Mai irin wannan haihuwa ba zai iya mayar da gurbin abin da ake kashewa kullum ba.

Waɗanda aka ceto

Labarin bai ƙare da baƙin ciki kaɗai ba. A 1995 kakapo 51 suka rage a duniya. An kwashe su zuwa ƙananan tsibiran da aka raba da kyanwa da ɓera, aka sa wa kowane suna, aka maƙala masa na'urar da ke nuna inda yake, ma'aikata na kwana a daji suna gadin sheƙa. Yanzu sun haura 200.

Akwai kuma takahe, wani tsuntsu mai launin shuɗi da kore da jan baki, wanda aka ɗauka ya ƙare tun 1898. Shekara 50 bayan haka, a 1948, wani likita mai suna Geoffrey Orbell da bai yarda ya ƙare ba ya hau wasu duwatsu masu wuyar shiga ya same shi da rai. Yau ana da ɗaruruwansu. A Lord Howe ma akwai wata kazar daji mara tashi da ta ragu zuwa ƙasa da 30 a shekarun 1970. Aka kawar da aladu da kyanwoyi, a 2019 aka yi gangamin kashe ɓerayen tsibirin, yawanta ya ninka cikin 'yan shekaru. Ƙasar Niyu Zilan ta ma ɗau alwashi a 2016 cewa zuwa 2050 za ta raba kanta da manyan dabbobin nan da ke cinye mata tsuntsaye.

Akwai wurin da rigakafi ya yi aiki tun farko. A kudancin Tekun Atilantika akwai wani tsibiri mai gaɓar duwatsu masu tsayi, wanda jirgi ke shan wuya kafin ya tsaya, har sunansa na Turanci ma yana nufin wurin da ba ya shiguwa. A can ne tsuntsu mara tashi mafi ƙanƙanta a duniya yake, nauyinsa kimanin giram 40. Yana nan lafiya saboda dalili ɗaya: ɓera bai taɓa sauka a can ba. Ranar da ɓera mai ciki guda ɗaya ta sauka, lissafin zai iya sauyawa.

Ina ruwanmu?

Mu ba mazauna tsibirin teku ba ne, amma darasin ya shafe mu. Dajin da gonaki da garuruwa suka kewaye ta ko'ina, shi ma ya zama kamar tsibiri ga dabbobin cikinsa, ba su da wurin gudu. Jiminar da muka yaba wa gudu ɗazu, ta tsere wa zaki amma ba ta tsere wa mota da bindiga ba. Ta ɓace daga mafi yawan wuraren da take a da a yankin Sahel, har ta kai ana kiwon ta a wata cibiya a Kelle, cikin jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, da fatan a mayar da ita daji. Idan mai gudun kilomita 70 ta shiga wannan hali, me za mu ce game da ƙananan tsuntsayen da muke bi da danƙo, ko sheƙar da muke kwashe wa ƙwai don wasa?

Ga wani ɗan aiki da za mu iya yi a wannan hutun. Mu zauna da kakanninmu mu tambaye su sunayen tsuntsaye da dabbobin da suke gani a bayan gari lokacin ƙuruciyarsu, waɗanda yanzu ba a ganin su. Mu rubuta sunayen, da inda ake ganin su, da lokacin da aka daina. Mu kai wa malaminmu na Bayoloji a tattauna a aji, wanda ya samu jeri mai tsawo kuma ya aiko wa wannan shafi. Mutanen da suka zauna a Morishas ba su san suna kallon dodo na ƙarshe ba, domin babu wanda ke ƙirgawa. Mu da muka san labarin ba mu da wannan uzurin.